Awa ɗaya cikin goma sha biyu: rikicin hutun aiki a wata masana'antar leda a Sharaɗa

Masana'antar da mai injin

Masana'antar tana rukunin masana'antu na Sharaɗa a birnin Kano. Leda take yi, ta zuba kaya da 'yan kasuwa ke saye da kuma naɗin da masu fiya wata ke amfani da shi. Ba babba ba ce. Injunan hura leda shida gare ta, sai na yanka da na buga tambari a wani ɗaki daban. Dare da rana ake aiki, kashi biyu: masu safe su karɓa ƙarfe 7, su miƙa wa masu dare ƙarfe 7 na yamma. Duk mako ake juyawa.

Sai an san yadda injin yake kafin a gane rikicin. Ƙwayar roba ake zuba masa ta sama, ya narkar da ita da zafin da kan wuce digiri 180, iska ta hura narkakkiyar ta tashi kamar balan-balan mai tsawon bene, rola ta matse ta a can sama, ta sauko ana naɗewa. Aikin mai inji ido ne. Yana duba kauri da faɗi, yana ƙara ƙwaya, yana sauke naɗi idan ya cika. In kumbon ya fashe ba kowa a wurin, leda ta dinga tsiyaya tana taruwa a kan bakin injin mai zafi. In kuwa aka kashe injin ya huce, robar cikinsa ta daskare, sai an yi sama da awa ana ɗumama shi, kuma abin da zai fara fitarwa ɓarna ne.

Mutumin da wannan nazari ya bi lamarinsa yana da shekara talatin da 'yan kai, yana zaune a Ja'en da iyalinsa, ya shekara huɗu a kan inji na 4. Da baki aka ɗauke shi aiki, ba takarda. Albashinsa kashi biyu ne: tsayayye na wata, da ƙarin kuɗi a kan duk kilon da ya haura abin da aka yanka wa injinsa.

Har farkon 2024 mutum takwas ne a kowane kashi, masu inji shida da mataimaka biyu. Mataimakan su ke haɗa ƙwaya da kala, su auna naɗi. Ba a taɓa rubuta hutu a ko'ina ba. Al'ada ce kawai: lokacin sallah ko cin abinci ya yi, mutum ya ce wa mataimaki “riƙe min”, ya fita wurin mai abinci a bakin get, ya dawo.

Maris zuwa Afrilu 2024: yadda hutun ya ɓace

An ɗauki azumi ranar 11 ga Maris. Da yake ba mai cin abincin rana, fitar ta ragu ta koma sallah kaɗai, minti goma mutum ya dawo. Wata guda manaja yana kallon injuna suna tafiya kusan ba mai barin wurinsa.

Ranar 3 ga Afrilu hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta ƙara kuɗin wuta ga masu layin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Masana'antar tana kan wannan layi, kuma injin hura leda wuta yake ci ba wasa. Bayan Ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki aka sallami mataimaka uku, na huɗun aka mai da shi wurin lodi. Haɗa ƙwaya ya koma kan masu inji. Aka kuma liƙa takarda a jikin bango mai umarni biyu: ba mai barin inji sai da izinin helma, kuma duk ɓarnar da ta fita za a auna ta a cire kuɗinta daga albashin mai injin.

Daga nan cin abinci ya koma na tsaye. Yaron mai abinci zai miƙo garau-garau a ƙulle a leda ta taga, mai inji ya ajiye a kan buhun ƙwaya, ya kai loma biyu, ya goge hannu a wando ya je ya taɓa naɗi, ya dawo. Kafin ya gama ta sandare. Sallah kuwa a kan kwali ake yin ta a gefen injin, da gajerun surori, kunne yana wurin ƙarar iska, don in kumbon ya soma rawa sautinsa yana canzawa. Zagayawa banɗaki ita ce babbar caca. Shi ya sa wasu suka rage shan ruwa, a watan Afrilun Kano da zafin waje ma kan haura digiri 40, balle ƙarƙashin kwano kusa da inji shida masu narka roba.

A makon ƙarshe na Afrilu, wajen ƙarfe 4 na yamma, jiri ya ɗebi mai inji na 4 yana gyara bakin injin. Ya dafa don kada ya faɗi, damtsensa ya sauka a kan ƙarfe mai zafi. An kai shi kemis aka wanke aka ɗaure, kamfani ya biya. Ya yi kwana biyar a gida, aka cire masa kuɗin kwanakin.

Mayu: koke da baki

Da ya dawo ya fara da helma. Helma ya ce shi ma umarni aka ba shi. Sai ya nemi dattijon cikinsu, mai inji na 1 wanda kowa ke kira Baba, suka shiga ofishin manaja tare.

Baba ne ya yi magana. “Yallaɓai, ba ƙari muka zo nema ba. A bar mutum ya zauna ya ci abinci, ya yi sallah a natse.”

Manaja ya ce, “Baba, wa ya hana ku sallah? Ni ma a nan nake yi. Ku riƙe wa juna mana, ai ku shida ne.”

Aka gwada hakan. Mai inji na 3 ya riƙe wa na 4, na 5 ya riƙe wa na 6. Mako biyu abin ya yi ya watse. Mutum ɗaya yana iya sa ido a kan inji biyu muddin ba abin da ya taso, amma ranar da naɗi biyu suka cika lokaci guda, ko ƙwaya ta ƙare a ɗaya kumbo ya fashe a ɗayan, dole ɗaya ya lalace. Sai tambayar da takardar bango ba ta amsa ba: wa za a yanka wa kuɗin, mai injin da ya fita ko wanda ya riƙe? Helma ya yanka wa mai inji sau ɗaya, ya yanka wa mai riƙo sau ɗaya, daga nan kowa ya ce ba zai ƙara riƙe wa kowa ba. Mutum biyu da suka shekara suna cin abinci kwano ɗaya suka daina gaisawa.

Ganin ana ta gunaguni, manaja ya fito da wata dabara a ƙarshen watan: naira 500 kullum, kuɗin abinci, ga duk wanda ya yarda ba zai nemi fita ba. Mafi yawa suka karɓa. Ba abin zargi ba ne ga wanda ya san farashin kwanon masara a Kano a wannan shekarar. Mai inji na 4 ma ya karɓa na 'yan kwanaki, sannan ya daina.

Yuni: ranar da aka kashe injuna

Ana saura mako guda Babbar Sallah, masu safe suka haɗa baki. Ƙarfe 1:30 suka kashe injuna shida, suka fita masallaci, suka ci abinci a zaune, suka dawo ƙarfe 2:15. Ba su sanar da kowa ba.

Sai bayan La'asar injin ƙarshe ya koma fitar da leda mai kyau. Aka tara ɓarnar aka auna a gaban kowa. Washegari aka dakatar da mutum uku da aka ce su suka kitsa, har da mai inji na 4, aka raba kuɗin asarar a kan su shida. Masu dare, da suka yi alkawarin yin irin haka, suka fasa. Kowa yana lissafin cefanen sallah.

Bayan mako biyu aka dawo da biyu daga cikin ukun, har da mai inji na 4, saboda mai iya riƙe injin hurawa ba a tsintarsa a bakin titi. Na ukun ya samu aiki a Challawa, bai dawo ba.

Yuli: abin da Dokar Ƙwadago ta ce

Masana'antar ba ta da reshen ƙungiyar ƙwadago. Wani maƙwabcin mai inji na 4 ne ya haɗa shi da wani jami'in ƙungiyar ma'aikatan roba da fata, wanda ya buɗe masa Dokar Ƙwadago ta Najeriya a waya ya fassara masa sashe na 13 layi bayan layi.

Sashen ya ce duk ma'aikacin da zai yi awa 6 ko fiye a bakin aiki a rana, wajibi ne a katse masa aikin da hutu. Ana iya ba shi a dunƙule, ana iya rarrabawa, amma jimillarsa kada ta gaza awa ɗaya. Bai tsaya nan ba, ya fayyace abin da ake nufi da hutun: an san tsawonsa tun kafin lokacin, ma'aikaci ne ke da ikon lokacinsa a cikinsa, kuma ba a tilasta masa zama a wurin aikin. Da wannan ma'auni, cin garau-garau a tsaye ana kallon kumbo ba hutu ba ne. Sallah a kan kwali kunne na wurin inji ma ba hutu ba ce.

Akwai wani tanadin daban da ya fi dacewa da su. Inda aiki yake haɗe da inji, ko yake da wahalar da ba ta yankewa, dole a ba ma'aikaci gajerun sararawa a tsakani, kuma waɗannan ba a lissafa su cikin awa ɗayan. Sannan a kowane kwana 7 yana da hutun da bai gaza awa 24 a jere ba. In aka ci masa wani abu a ciki, a rama masa cikin kwana 14 ko a biya shi da farashin ƙarin lokaci. Jami'in ya nuna masa cewa wannan hutun mako shi kaɗai ne dokar ta ce ana iya fansarsa da kuɗi. Na tsakiyar rana ba ta faɗi haka a kansa ba, don haka naira 500 ɗin ba ta sauke wa kamfani nauyi ba.

Rashin takarda kuma bai fitar da shi daga dokar ba. Sashe na 91 ya ɗauki mai aikin hannu ko na akawu a matsayin ma'aikaci ko da baki aka ƙulla yarjejeniyar. Waɗanda ya ware sun haɗa da masu riƙe da shugabanci da ƙwararru. Hasali ma sashe na 7 ya wajabta wa mai kamfani ba da takardar sharuɗɗan aiki kafin a wuce wata uku da farawa. Yankan albashin da ake yi musu kuwa sashe na 5 ya hana shi: ba a cin ma'aikaci tara, kuma cire kuɗin asara sai in sakacinsa ne ko ganganci, shi ma sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce tukuna.

Jami'in ya ba shi shawara biyu. Kada a sake kashe inji. Kuma a nemi littafi a riƙa rubutawa. Mai inji na 4 ya ɗauki littafin makarantar ɗansa mai sauran shafuka, ya yi kwana 14 yana rubuta lokacin shiga, lokacin fita, da duk mintin da ya bar injin. Wani a masu dare ya yi irin haka. Ba ranar da jimillar ta kai minti 20. Da littattafan biyu da takardun albashi masu nuna yanka aka rubuta koke zuwa ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano. Mutum tara cikin goma sha biyu suka sa hannu. Baba ya dangwala yatsa.

Agusta: zaman sulhu

Jami'in ƙwadago ya fara zuwa masana'antar ba sanarwa, abin da doka ta ba shi ikon yi. Ya zagaya, ya karanta takardar bango, ya nemi littafin da ake rubuta ɓarna. Bayan haka aka kira zama. Alhaji mai kamfanin ya zo da kansa tare da manaja da lauya.

Lauyan ya jingina da togaciya biyu da ke cikin sashe na 13 ɗin kansa. Ta farko ta yarda a saɓa wa ƙa'idar in wani abin da ba a zata ba ya taso. Ta biyu ta ce inda yanayin aikin ya sa ba makawa, ana iya maye gurbin hutun da lokacin cin abinci a wurin aiki ko kusa da shi. Ya ce injin da ba a kashewa shi ne ainihin irin wannan aikin.

Jami'in ya amsa cewa abin da ake yi kullum tun Afrilu ba za a kira shi ba-zata ba. Togaciya ta biyu kuma ko an yarda ta hau kansu, lokacin cin abinci take nufi, wato a ɗauke wa mutum aikin ya ci, ba a bar shi da injin da abincin a tare ba. Ya ƙara da cewa da wuya a ce ba makawa, tunda shekaru masana'antar ta yi tana da masu riƙewa.

Manaja ya kawo maganar kuɗi, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ga wuta ta ninka fiye da sau uku, ga gas na janareto, ga shi a ƙarshen Yuli an sa hannu a sabuwar dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000, wadda ta hau kan duk mai ma'aikata 25 zuwa sama. Lauya ya kuma san abin da kowa a ɗakin ya sani, cewa tarar da dokar ta yanka wa wanda ya saɓa sashe na 13 ba ta wuce naira 800 ba a karon farko. Adadi ne na tun shekarun 1970 da ba a taɓa ba. Yau ba zai sayi kwanon shinkafa ba.

Abin da ya juya zaman shi ne littafin ɓarna. Jami'in ya nema ne don ya lissafa kuɗin da aka yanka, amma da yake helma yana rubuta lokaci a gefen kowane awo, sai wani abu ya fito fili. Ɓarnar ta taru a wuri biyu: daga ƙarfe 2 zuwa 6 na yamma, da kuma daga 3 na dare zuwa asuba. Shafukan kafin Afrilu ba haka suke ba. Alhaji ya karɓi littafin ya daɗe yana juya shafuka, sannan ya tambayi manaja nawa ne albashin mataimaki ɗaya.

Ga kuma sauran abubuwan da ke jiransa in aka je Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano: kuɗin da aka yanka ba izini, ma'aikata ba takarda, da ƙunar da ba a kai rahotonta ba alhali dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba mai kamfani kwana 7 ya yi hakan.

Aka rubuta yarjejeniya. Hutun awa ɗaya ga kowa, a daina yankan ɓarna, a ba da takardun aiki, a ɗauki mai canji ɗaya a kowane kashi, wato wanda zai riƙe inji in mai shi ya fita hutu. An ja sosai a kan ko za a cire kuɗin awar daga albashi, domin dokar ta yi shiru a kan wannan. Aka tsaya a kan ba za a taɓa tsayayyen albashi ba, amma naira 500 ta tafi.

Satumba: jadawalin farko

Bai yi aiki ba. An raba awar gida biyu, minti 40 da rana, minti 20 da La'asar. Mai canji ɗaya, inji shida: zagayen rana ya ci awa 4, daga 11:30 zuwa 3:30. Na farko yana fita Azahar ba ta shiga ba, yunwa ma ba ta kama shi ba. Na ƙarshe yana fita ana shirin kiran La'asar. Zagaye na biyu ya kai ƙarfe 6. Shi kansa mai canjin ba a sa masa hutu a ko'ina ba.

Sai abin da ba wanda ya hango a teburin sulhu. Mai canjin sabon hannu ne, yana yawan fasa kumbo, kuma kilon da aka yi lokacin da yake riƙe da inji shi ake rubuta wa. Mai inji ya lissafa ya ga duk fitar da ya yi ragi ce a ƙarin kuɗinsa. Mutanen da suka sa hannu a takardar koke su ne suka koma cewa “bar shi kawai, na ci a nan”. Duk ranar da mota ta zo lodi kuma, helma ya janye mai canjin, hutun ranar ya tafi. Zuwa ƙarshen wata manaja yana cewa ga shi an ba su sun ƙi.

Oktoba zuwa Nuwamba: gyaran da ya zauna

Mai inji na 4 ya ci gaba da rubutu a littafinsa, shi ya sa da jami'in ƙwadago ya dawo duba yarjejeniyar akwai abin nuna masa. Wannan karon a cikin masana'antar aka zauna, da Baba da helma da manaja, aka ɗauki alli.

Masu canji suka zama biyu a kowane kashi. An dawo da tsofaffin mataimaka biyu da suka san injunan, aka ɗauko yara biyu daga ɗakin yanka aka koya musu na mako uku. Mutum biyu suna fita lokaci guda, zagaye uku: na rana daga 12:40 zuwa 2:40, na La'asar daga 4 zuwa 5. Jerin yana juyawa kullum don kada wani ya dawwama a ƙarshe. Masu canji suna nasu hutun kafin zagaye da bayansa, sauran lokacin su haɗa ƙwaya su auna naɗi kamar da. An rubuta ƙarara cewa ba a taɓa su don lodi a cikin waɗannan awanni uku.

Kilo ya koma na inji, ba na hannun da ke riƙe da shi ba. Duk abin da inji na 4 ya fitar mai inji na 4 ake rubuta wa, masu canji kuma a ba su matsakaicin abin da shidan suka samu. Da aka yi wannan, ƙin fita ya ƙare a mako guda.

An gaya wa maigadi ya daina hana mai hutu fita get. An ajiye randa biyu a ƙofar ɗakin injuna, kuma duk bayan awa biyu mai canji yana zagayawa ya ba kowa minti biyar ya sha ruwa ya zagaya. Masu dare suka samu minti 40 a tsakiyar dare da minti 20 na Asuba.

Juma'a ce ta so ta gagara, don kowa yana son fita lokaci ɗaya. Makanikin kamfanin ne ya kawo mafita. Dama kowane mako sai an tsayar da injunan an canza rariyar tace roba an goge baki. Aka mai da wannan aikin ranar Juma'a da rana, a rage wuta ba a kashe ba, ma'aikatan da ba Musulmi ba da makaniki su kula, su kuma a ba su nasu lokacin daga baya.

Azumin 2025 da inda aka kwana

An ɗauki azumi ranar 1 ga Maris. Manaja ya kawo shawarar a ɗage hutun rana tunda ba mai ci. Baba ya ce, “Yallaɓai, daga nan aka fara bara.” Aka bar awar yadda take, aka sake rabonta: masu safe minti 30 da Azahar, 30 da La'asar, yawancinsu kwanciya suke yi a ƙarƙashin darbejiyar bakin get. Masu dare minti 20 na Isha, 40 na sahur, daga ƙarfe 3 zuwa 5.

Littafin ɓarna ya nuna raguwa tun daga Nuwamba, musamman ta yamma. Ta ƙarshen dare ta ragu kaɗan ne. Ba a sake samun ƙuna ko faɗuwa ba zuwa ƙarshen azumin. Takardun aiki sun fito a Disamba. Kuɗin da aka yanka tsakanin Afrilu da Agusta rabi aka mayar, ma'aikatan suka haƙura da sauran. Mai inji na 4 yana nan a kan injinsa. An yi wa wasu ƙarin girma zuwa helma a wannan tsakanin, ba da shi ba.

Abin da lamarin ya nuna

Koken baki ya faɗi ne saboda an nemi hutun a matsayin alfarma, aka kuma shigo da shi ta ƙofar sallah. Manaja yana da amsar wannan a shirye, kuma a ganinsa gaskiya ya faɗa: bai hana kowa sallah ba. A masana'antun Kano da yawa haka ake ɗauka, daga masu kamfani har ma'aikata, cewa in an bar mutum ya yi sallah an ba shi hutu. Sashe na 13 bai ambaci sallah ba. Abin da ya nema shi ne awa ɗaya da aka san lokacinta, wadda mutum zai iya juya wa injin baya ya fita.

Kashe injunan kuskure ne, ko da yake haƙƙin nasu ne. Ya jawo asarar da aka iya aunawa a sikeli a gaban kowa, ya ba kamfani hujja, ya ci aikin mutum ɗaya.

Dokar ita ta sa Alhaji ya zo ya zauna, amma ba tsoron tararta ba. Tarar naira 800 ba ta tsorata kowa, kuma muddin Majalisar Tarayya ba ta gyara wannan adadi ba, jami'in ƙwadago zai ci gaba da dogaro da lallashi da sauran laifuffukan da ya tarar. A nan ya yi sa'a ya tarar da yankan albashi ba izini da littafin ɓarna mai lokaci a gefe. Ma'aikatan da kamfaninsu bai bar irin wannan shaidar ba za su fi shan wuya.

Yarjejeniyar Agusta kuma da kanta ba ta ba kowa hutu ba, Satumba ta nuna haka. Inda inji ba ya tsayawa, hutun mutum shida awa shida ne na aikin wani, kuma sai an faɗi wane ne, a kuma tabbatar wanda ya fita ba zai yi asarar kuɗi ba. Da an bar kilo a hannun mai canji, da masu inji da kansu sun kashe jadawalin.

Awa 12 ɗin tana nan. Dokar ba ta yanka adadin awannin aiki na rana ba, ta bar shi ga yarjejeniya ko cinikin ƙungiya, kuma ba ta faɗi farashin ƙarin lokaci ba. Takardun da aka raba a Disamba sun rubuta awa 12 a matsayin lokacin aiki na yau da kullum, kowa ya sa hannu, don haka ba ƙarin lokacin da za a nema a ranakun mako. Lahadin da ake kiran su in oda ta yi yawa har yanzu kuɗin rana ɗaya ake biya, kuma ba wanda ya kai koke a kanta tukuna.